George Eastman

George Eastman (12 ga Yuli, 1854 – 14 ga Maris, 1932) ɗan kasuwa ne kuma mai ƙirƙira ɗan ƙasar Amurka, wanda ya kafa kamfanin Eastman Kodak a birnin Rochester da ke jihar New York. Shi ne ya yaɗa fim ɗin hoto mai naɗi a duniya, ya kuma fito da kyamarori masu araha irin su Kodak a 1888 da Brownie a 1900, waɗanda suka sa ɗaukar hoto ya tashi daga sana'ar ƙwararru ya zama abin da yaro ma zai iya yi.

An san shi da tsarin kasuwancin da masu ƙera kyamara suka gada daga gare shi: a sayar da kyamara da araha, a ƙera ta iri-iri masu kama da juna don kowane aljihu, ribar kuma ta riƙa fitowa daga fim da wankin hoto. Wasu daga cikin ma'aunan fim da suka fito daga masana'antarsa sun zama na kowa da kowa a duniya, wasu kuma sun ɗaure mai saye a jikin kamfani ɗaya. Ya kuma bayar da kyautar fiye da dala miliyan 100 ga jami'o'i da asibitocin haƙori.

Farkon rayuwa

An haifi Eastman a ƙauyen Waterville na jihar New York. Shi ne auta a 'ya'ya uku da suka rayu na George Washington Eastman da Maria Kilbourn, kuma shi kaɗai ne namiji. Mahaifinsa yana da makarantar koyar da lissafin kasuwanci da rubutu a Rochester, inda iyalin suka koma a 1860. Mahaifin ya mutu a 1862, bai bar musu abin kirki ba, har sai da mahaifiyar ta riƙa saukar da 'yan haya a gida tana dafa musu abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin yayyensa mata, Katie, ta kamu da cutar shan inna, ta mutu a 1870.

Eastman ya bar makaranta yana da kimanin shekara 14, ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora a kan dala 3 a mako. Da dare yana koyon aikin akawu. A 1874 aka ɗauke shi ƙaramin akawu a bankin Rochester Savings Bank. Tun daga wannan lokaci yana da al'adar rubuta duk abin da ya samu da duk abin da ya kashe a littafi, kuma wannan ɗabi'a ta ƙididdiga ta bi shi har cikin harkar masana'anta.

Shigarsa harkar hoto

A wajajen 1877 Eastman ya yi niyyar zuwa hutu Santo Domingo, sai ya sayi kayan ɗaukar hoto don tafiyar. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma kayan sun ɗauke masa hankali. A zamanin ana ɗaukar hoto ne a kan farantin gilashi. Mai hoto zai shafa wa gilashin sinadarai a cikin duhu, ya ɗauki hoton tun gilashin yana da danshi, ya kuma wanke shi nan take kafin ya bushe. Saboda haka duk inda za shi sai ya yi dakon babbar kyamara da ƙafafunta uku, da tanti, da kwalabe, da tulun ruwa, da gilasai masu nauyi da saurin fashewa.

Daga mujallun Ingila ya sami labarin wata sabuwar dabara ta shafa wa gilashi sinadarin azurfa da aka dama da jelatin, wato wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. Irin wannan gilashi yana aiki ko bayan ya bushe, don haka ana iya yin sa a masana'anta a ajiye. Eastman ya shafe kusan shekara uku yana aikin banki da rana, da dare kuma yana gwaje-gwaje a ɗakin girkin mahaifiyarsa. Ya ƙera na'urar da ke shafa sinadarin daidai wa daida a kan gilasai masu yawa, ya je Landan a 1879 ya yi mata rajistar mallakar fasaha, sannan ya sami ta Amurka a 1880.

A farkon 1881 ya haɗa jari da Henry A. Strong, wani mai masana'antar bulalar keken doki, suka kafa Eastman Dry Plate Company. A cikin shekarar ya ajiye aikin banki.

Ba a jima ba kamfanin ya kusa durƙushewa. Gilasan da ke hannun dillalai suka lalace, suka daina kama hoto yadda ya kamata. Eastman ya karɓe su duka, ya yi alkawarin musanya su, ya kuma tsallaka Ingila neman dalili. Daga baya aka gano matsalar daga jelatin take, domin wanda aka kawo musu ya bambanta da na farko. Sai a shekarun 1920 wani masanin kamfanin, Samuel Sheppard, ya gano cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin farar wuta da ke cikin jelatin ne ke ƙara masa ƙarfin kama haske, kuma yana da alaƙa da irin ciyawar da shanun suka ci. Wannan asara ta farko ta sa Eastman ya ƙudurta cewa kayan da masana'anta ke fitarwa yau dole su zama daidai da na jiya, kuma hanyar tabbatar da haka ita ce kamfani ya riƙe kowane mataki na aikin a hannunsa. A 1930 Kodak ya mallaki masana'antar jelatin tasa a garin Peabody na jihar Massachusetts.

Kyamarar Kodak

A 1884 da 1885 Eastman da abokin aikinsa William H. Walker suka fito da fim mai gindin takarda da kuma wani akwatin naɗi da ake maƙalawa a bayan kyamarorin da mutane suke da su tun da. An yi akwatin a girma daban-daban don ya dace da kyamarorin wasu kamfanoni. Ƙwararrun masu hoto ba su karɓe shi sosai ba, domin gilashi ya fi ba su hoto mai kyau. Ganin haka sai Eastman ya juya ga mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

A 1888 ya fito da Kodak, ɗan akwati da ake riƙewa a hannu, farashinsa dala 25. Ana sayar da shi da fim a ciki mai ɗaukar hoto 100, kowanne zagayayye mai faɗin inci biyu da rabi. Aikin mai shi uku ne: ya ja zare, ya danna maɓalli, ya murɗa makulli. Idan fim ya ƙare sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim, a mayar masa. Tallar kamfanin ta ginu ne a kan wannan alkawari, cewa danna maɓalli kawai ya rage wa mai saye, sauran wahalar ta kamfani ce.

Sunan Kodak ba shi da ma'ana a kowane harshe. Eastman ne ya ƙaga shi, domin yana son gajeren suna mai sauƙin faɗa wanda ba ya kama da na kowa, kuma yana son harafin K. An yi masa rajista a 1888, kuma a 1892 kamfanin ya koma Eastman Kodak Company. A 1891 an buɗe babbar masana'antar Kodak Park a Rochester da wata a Harrow kusa da Landan.

Fim mai garai-garai da awon milimita 35

A 1889 masanin sinadarai na kamfanin, Henry Reichenbach, ya samar da fim mai laushi da haske ke ratsawa, wanda aka yi da wani nau'in roba mai saurin kama wuta. Wani limamin coci a Newark, Hannibal Goodwin, ya riga ya nemi rajistar irin wannan fasaha tun 1887, amma ba a ba shi ba sai 1898. Ya mutu a 1900, kamfanin Ansco da ya mallaki haƙƙinsa ya ci gaba da shari'a da Kodak, aka ƙare a 1914 da biyan dala miliyan 5.

Wannan fim ne ya buɗe ƙofar sinima. A ɗakin binciken Thomas Edison, William K. L. Dickson ya yi aiki da fim ɗin Eastman mai faɗin milimita 70 da aka tsaga biyu, ya zama milimita 35, aka huda masa ramuka huɗu a kowane gefe na kowane hoto don haƙoran na'ura su riƙa jan sa. A farkon sinima kowane mai ƙera na'ura da nasa awon. 'Yan'uwan Lumière na Faransa, alal misali, sun yi amfani da faɗi iri ɗaya amma da rami ɗaya zagayayye a kowane gefe. Wannan ya sa fim ɗin wani kamfani ba ya tafiya a majigin wani. A 1909 aka amince da milimita 35 mai ramuka huɗu ya zama awon duniya.

Eastman ya ci riba daga wannan daidaito fiye da kusan kowa. Da zarar fim ɗin da aka ɗauka a Paris zai iya tafiya a majigin New York, gidajen sinima suka yawaita, kuma mafi yawan ɗanyen fim ɗin da ake bukata daga masana'antarsa yake fitowa. A 1908 ya shiga yarjejeniya da ƙungiyar manyan kamfanonin fim da Edison ya jagoranta, cewa 'yan ƙungiyar kaɗai zai riƙa sayar wa ɗanyen fim a Amurka. A 1911 aka sassauta wannan sharaɗi, ya koma sayar wa masu zaman kansu.

Brownie da yawaitar samfura

Sayar da kyamarar da sai an mayar da ita masana'anta yana da iyaka. A 1892 Samuel N. Turner na birnin Boston ya fito da fim da aka naɗe tare da baƙar takarda mai lambobi a bayanta, da wata 'yar jar taga a bayan kyamara da ake leƙa lambar. Da wannan dabara mutum zai iya sa fim ya cire da kansa a cikin haske. Eastman ya sayi kamfanin Turner da haƙƙin fasaharsa a 1895, kuma a shekarar ya fito da Pocket Kodak a kan dala 5.

A watan Fabrairu na 1900 aka fito da Brownie, wadda Frank A. Brownell ya tsara. Da kwali da katako aka yi ta, farashinta dala 1, naɗin fim ɗinta kuma senti 15. An ɗauko sunan daga wasu 'yan ƙananan halittu na littattafan yara da Palmer Cox ya zana, kuma yara aka nufa da tallarta. An fitar da fiye da 150,000 a shekarar farko. Ribar da ke cikin akwatin dala ɗaya kaɗan ce, amma kowane akwati da ya shiga gida ya zama mai cin fim na shekaru.

Daga nan samfuran Kodak suka yi ta yawaita, da yawansu kuma kamar an tsaga kara. Akwai dalilai da suka jawo haka.

Na farko shi ne girman hoto. A lokacin ba kasafai ake faɗaɗa hoto ba. Ana ɗora fim ɗin da aka wanke ne kai tsaye a kan takarda, don haka girman hoto shi ne girman fim. Mai son babban hoto sai ya sayi babbar kyamara. Shi ya sa ƙira ɗaya take fitowa a girma da dama: Brownie mai lamba 2 ta 1901 tana cin fim 120, mai lamba 2A tana cin 116, mai lamba 0 kuma tana cin 127. Folding Pocket Kodak mai lamba 3A ta 1903 tana ba da hoto daidai girman katin gidan waya.

Na biyu shi ne matakan farashi. Akan ɗauki gangar jiki ɗaya ta kyamara mai naɗewa, irin mai fata kamar zugazugin maƙeri, a sa mata gilashin ido mai araha a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, a sa wa wata gilashi da marufin haske masu inganci a ƙara mata kuɗi. Da yawa daga cikin waɗannan sassa ana sayo su ne daga kamfanin Bausch & Lomb da ke nan Rochester. Ta haka mai dala biyu da mai dala hamsin duk suna samun abin saye a kanti ɗaya, wanda ya fara da Brownie kuma yana da matakin da zai hau idan ya samu hali, ba tare da ya koma wani kamfani ba.

Na uku shi ne sauƙin ƙira. Idan samfura goma suna tarayya a makullin murɗa fim, da jar taga, da marufin haske, da sukurori, masana'anta za ta buga waɗannan sassa dubbai da injin ɗaya, kuɗin kowanne ya faɗi, mai gyara kuma ya rage yawan kayan da zai ajiye. Eastman ya sa ƙera kaya da yawa a farashi kaɗan cikin ginshiƙan kasuwancinsa tun farko, tare da talla mai yawa da rarraba kaya a duk duniya.

Na huɗu shi ne neman sababbin masu saye da tsohuwar ƙira. Vest Pocket Kodak ta 1912, mai shiga aljihu, ta yi farin jini a wurin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙarshen shekarun 1920 aka sake fito da irinta a launuka daban-daban don mata, aka kuma yi wadda aka buga wa tambarin 'yan sikawut. A 1914 Eastman ya biya Henry Gaisman dala 300,000 don wata dabara da ke ba mutum damar rubutu a gefen fim ta wata 'yar ƙofa a bayan kyamara, kuma wannan ƙarin kaɗai ya haifar da sabon jerin samfura. A 1930, lokacin cikar kamfanin shekara 50, an raba kyamarori kimanin rabin miliyan kyauta ga yaran da suka cika shekara 12 a shekarar.

Yawan girma ya zo da nasa ruɗanin. Mai saye sai ya faɗi sunan kyamararsa kafin mai kanti ya san fim ɗin da zai ba shi. A wajajen 1913 kamfanin ya ba kowane girma lamba, aka fara daga 101 bisa tsarin fitowarsu tun 1895, kuma zuwa 1916 an kai 130. Kamfanonin Turai da na Amurka suka riƙa ƙera kyamarori da fina-finai a kan waɗannan ma'aunai, musamman 120 da 127. Fim 120 har yau ana yin sa, fiye da shekara 120 bayan fitowarsa.

Sayen kamfanoni da shari'ar babakere

Wani dalilin yawan samfura shi ne sayen abokan gasa. Kodak ya sayi Blair Camera Company a 1899, da Rochester Optical da Century a 1903, da Folmer & Schwing mai ƙera Graflex a 1905. Sunayen kayansu, irin su Hawk-Eye da Premo, sun ci gaba da fitowa a kasuwa, ta yadda mai saye zai ga kyamarori masu suna daban-daban alhali duk daga gida ɗaya suke. A 1899 kuma Eastman ya sayi kamfanin Leo Baekeland mai yin takardar hoto ta Velox. Dillalan da suka yarda su sayar da kayan Kodak kaɗai a farashin da kamfanin ya yanka suna samun rangwame na musamman.

A 1913 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara bisa dokar hana babakere a kasuwa. A 1915 alƙali John R. Hazel ya yanke hukuncin cewa Kodak ya karya dokar. An sasanta a 1921, inda kamfanin ya amince ya sayar da wasu sassan da ya saya, ya kuma daina tilasta wa dillalai sayar da kayansa kaɗai. Ɓangaren Graflex ya fita daga hannunsa a 1926. Eastman ya tsaya a kan cewa ingancin kaya da araha ne suka ba shi kasuwa, masu sukarsa kuwa suna ganin ya toshe wa ƙananan kamfanoni hanya.

Ma'aikata da bincike

A 1899 Eastman ya raba wa ma'aikatansa kuɗi daga aljihunsa. A 1912 ya kafa tsarin ba su wani kaso a kan albashi gwargwadon ribar da masu hannun jari suka samu, kuma a 1919 ya ware musu kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, wanda darajarsa ta kai kimanin dala miliyan 10. Daga baya aka ƙara fansho da inshorar rai. Duk da haka ba ya goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a zamaninsa baƙaƙen fata kaɗan ƙwarai ne suka sami aiki a kamfanin.

A 1912 ya ɗauko masanin kimiyya ɗan Ingila C. E. Kenneth Mees don ya kafa ɗakin bincike a Rochester, ya kuma sayi kamfanin Wratten & Wainwright da Mees yake aiki a ciki. Wannan ɗaki yana cikin ɗakunan binciken masana'antu na farko a Amurka. A 1920 ya kafa Tennessee Eastman a Kingsport don samar da sinadaran da ake bukata. A 1923 kamfanin ya fito da fim mai milimita 16 wanda ba ya saurin kama wuta, don masu ɗaukar majigi a gida, kuma wasu kamfanoni irin su Bell & Howell suka ƙera na'urorinsu a kan wannan awo.

Kyauta da taimako

Mafi yawan dukiyar Eastman ya bayar da ita tun yana raye. Jami'ar Rochester ce ta fi samu: ya gina mata makarantar kiɗa da aka buɗe a 1921, da gidan wasa na Eastman Theatre a 1922, ya kuma sa hannu a kafa makarantar likitanci da haƙori. Daga 1912 ya riƙa ba Cibiyar Fasaha ta Massachusetts kuɗi a ɓoye da sunan Mista Smith, wanda da su aka gina sabon mazauninta a Cambridge, kuma ba a bayyana ko wane ne ba sai 1920. Ya taimaki makarantun baƙaƙen fata na Tuskegee da Hampton. A watan Disamba na 1924 kaɗai ya rattaba hannu a kan kyautar dala miliyan 30 ga waɗannan cibiyoyi huɗu.

Ya damu da lafiyar haƙoran yaran talakawa. Ya gina asibitin haƙori a Rochester da aka buɗe a 1917, sannan ya ba da kuɗin gina irinsa a Landan, Roma, Stockholm, Brussels da Paris.

Kalandar wata 13

Son daidaito ya kai Eastman har ga kalanda. Ya goyi bayan tsarin Moses B. Cotsworth, ɗan Ingila, na raba shekara wata 13, kowane wata kwana 28, da kwana ɗaya na ƙari a ƙarshen shekara wanda ba ya cikin kowane mako. Hujjarsa ita ce watanni masu tsawo daban-daban suna wahalar da kwatanta ciniki da albashin wani wata da na wani. Ya kashe kuɗi wajen yaɗa tsarin, amma babu ƙasar da ta karɓa, kuma shugabannin addini sun ƙi shi saboda ranar ƙarin tana gusar da ranakun ibada na mako. Kamfanin Kodak ya yi amfani da kalandar a lissafinsa na cikin gida daga 1928 har zuwa 1989.

Ƙarshen rayuwa

Eastman bai taɓa aure ba. Ya zauna da mahaifiyarsa har mutuwarta a 1907, a babban gidan da ya gina a titin East Avenue, wanda aka kammala a 1905. A 1925 ya sauka daga gudanar da kamfanin yau da kullum, ya miƙa wa William G. Stuber, shi kuma ya zama shugaban hukumar daraktoci. A 1926 ya je farauta Kenya tare da masu ɗaukar fim Martin da Osa Johnson, ya sake komawa Afirka a 1928.

A shekarunsa biyu na ƙarshe ya yi fama da ciwon ƙashin baya mai tsanani da ya hana shi tafiya sosai. A ranar 14 ga Maris, 1932, bayan ya gyara wasiyyarsa, ya kashe kansa a gidansa yana da shekara 77. An binne tokar gawarsa a harabar Kodak Park. Gidansa ya zama gidan tarihin hoto da fim a 1949, kuma a 1954 Amurka ta buga kan sarki mai hotonsa don cikar shekara 100 da haihuwarsa.

Tasirinsa a kan daidaita ma'auni

Bayan Eastman, kamfaninsa ya ci gaba da bin hanyoyi biyu da ya bari. A farkon shekarun 1930 Kodak ya fito da fim 620. Faɗinsa da tsawonsa daidai suke da na 120, sandar naɗin ce kawai aka sirance. An ce an yi haka ne don kyamara ta ƙara ƙanƙanta, amma sakamakon shi ne fim 120 ba ya shiga yawancin kyamarorin 620. An daina yin 620 a 1995, kuma masu irin waɗannan kyamarori a yau sai su warware 120 a cikin duhu su sake naɗe shi a tsohuwar sanda.

A 1934 kuma kamfanin ya fito da ɗan gwangwanin fim mai lamba 135, wanda ke ɗauke da milimita 35 na sinima, tare da kyamarar Retina da August Nagel ya tsara a Stuttgart ta Jamus. An yi shi yadda zai shiga Leica da Contax, kyamarorin wasu kamfanoni da suka riga shi fitowa. Wannan gwangwani ya zama awon da ya fi kowanne yaɗuwa a tarihin hoto. Albarkacinsa, mai hoton biki ko na sallah a Limancin Kona ko Sabon Garin Zariya a shekarun 1980 zai iya sa fim ɗin Kodak ko Fuji ko Agfa a kyamarar Yashica ko Canon, ya kai kowane shagon wankin hoto, ba tare da ya tambayi wanda ya ƙera wanne ba. Sababbin ma'aunan da Kodak ya fito da su daga baya, wato 126 a 1963, da 110 a 1972, da fim mai faifai a 1982, da APS da ya haɗa kai da kamfanonin Japan huɗu suka fitar a 1996, babu wanda ya daɗe kamar 135.

Tarihin ya nuna cewa kamfani yakan goyi bayan awo ɗaya idan ribarsa tana cikin abin da kowa zai riƙa saye, yakan kuma ware nasa awon idan yana son riƙe wanda ya riga ya saya. Haka abin yake a kyamarorin zamani. Ramin sukurin da ake ɗaura kyamara a kan ƙafafunta iri ɗaya ne a kusan dukkansu, katin ajiyar hoto na SD ma kamfanoni da yawa sun yi tarayya a kansa, amma bakin da ake ɗaura gilashin ido da kuma batir kowane babban kamfani da nasa, domin wanda ya tara gilasan Nikon ba ya saurin komawa Canon. An yi ƙoƙarin haɗa kai a nan ma: Olympus da Kodak sun fito da tsarin Four Thirds a farkon shekarun 2000, sannan Olympus da Panasonic suka fito da Micro Four Thirds a 2008. Masu goyon bayan daidaita sassa suna kafa hujja da araha da sauƙin gyara, musamman a ƙasashen da ake sayen kyamarori na hannu kuma kayan gyara ke wuyar samu. Masu adawa suna cewa awon da aka kafe yana hana sabuwar ƙira.

Kodak kansa dogaro da ribar fim ne ya zame masa cikas. Injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma kyamarar da ba ta cin fim ta saɓa wa tushen kasuwancin da Eastman ya gina. Kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairu na 2012, ya fito a 2013 yana ƙarami, ya fi mayar da hankali ga harkar ɗab'i da sinadarai, ko da yake har yanzu yana yin fim a Rochester.